Za ka ɗauki ma'aikaci a Amurka? Ga yadda ake cike fom ɗin I-9 da amfani da E-Verify daki-daki

Duk wanda ya buɗe sana'a a Amurka har ta kai yana ɗaukar mutum aiki yana biyansa albashi, ko shagon kayan abincin Afirka ne a Bronx, ko gidan abinci, ko kamfanin shara da goge-goge, ko irin kamfanonin nan masu tura ma'aikata kula da tsofaffi a gidajensu, to doka ta ɗora masa nauyin ya tabbatar wanda ya ɗauka ɗin yana da izinin yin aiki a ƙasar. Ba ruwan dokar da girman sana'arka, ma'aikaci ɗaya tal gare ka ma kana ciki. Kuma ba ruwanta da cewa yaron ɗan ƙanwarka ne ko a masallaci ɗaya kuke sallah.

Abin ya samo asali ne tun ranar 6 ga Nuwamba 1986, lokacin da shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ake ce wa IRCA. Ciniki aka yi a wancan lokacin, aka ba wa mutum wajen miliyan 2.7 marasa takardu izinin zama, sannan aka ce to daga yau duk mai kamfanin da ya ɗauki marar izini aiki da saninsa ya yi laifi. Daga nan fom ɗin I-9 ya fito, wato takardar da ake cikewa don tabbatar da cewa ma'aikaci yana da izinin aiki, kuma har yau shi ne ginshiƙin komai. E-Verify, shafin intanet na gwamnati da ake tantance izinin ma'aikata da shi, wanda ake ta surutu a kansa a siyasa, daga baya ya zo, a kan I-9 ɗin aka ɗora shi.

Mutanenmu kuskure biyu suke yi kuma kishiyar juna ne. Wani don tausayi da zumunci sai ya ƙi tambayar komai, ya ce ai namu ne, a riƙa ba shi kuɗinsa a hannu ranar Juma'a shikenan. Wani kuma tsoro ya kama shi sai ya zama ya fi jami'in shige da fice zafi, duk wanda ya ji harshensa na baƙo ne sai ya ce kawo min girin kad ɗinka (katin izinin zama na dindindin) ko ka kama gabanka. Dukansu biyun sun karya doka, kuma dukansu ana cin tararsu. Abin da ake so a wurinka bai kai haka wuya ba, ka cike takarda ɗaya a kan lokaci, ka bi hanya iri ɗaya da kowa.

Kafin komai, sai ka ba shi aikin tukuna

Ba a fara I-9 sai ka ce wa mutum na ɗauke ka shi kuma ya ce ya amince. Kar ka yi amfani da fom ɗin wajen tace masu neman aiki. A lokacin ganawa za ka iya tambayarsa ko yana da izinin aiki a Amurka, e ko a'a, in dai kowa kake yi wa tambayar, amma fara tonon wace ƙasa aka haife ka, da wace biza ka shigo, yaushe ka zo, wannan duk ka bar shi ko da hira ce ta kawo.

Fom ɗin kyauta ne a shafin intanet na USCIS, hukumar da ke kula da takardun shige da fice da zama ɗan ƙasa, kar wani ya sayar maka. Ka riƙa sauke sabo duk lokacin da za ka ɗauki mutum domin suna canza shi jefi-jefi, ranar bugun tana ƙasan takardar. Da Turanci ake cike shi, akwai na Sifaniyanci amma a Puerto Rico kaɗai aka yarda a cike wancan.

Sashe na ɗaya na ma'aikaci ne

Shi zai cike da hannunsa, kuma kar ya wuce ranar farko da ya fara aikin da za a biya shi. Suna, adireshi, ranar haihuwa, sai akwatuna huɗu da zai zaɓi ɗaya. Na farko ɗan ƙasa, na biyu wani rukuni ne na mutanen wasu tsibirai kamar Samoa ta Amurka wanda da wuya ka haɗu da shi, na uku mai girin kad, na huɗu baƙon da aka ba izinin aiki, shi wannan zai rubuta ranar da izinin zai ƙare in yana da ranar ƙarewa, da lambarsa ta shige da fice ko lambar takardar shigowa ƙasa da ake kira I-94 ko lambar fasfonsa da ƙasar da ta ba shi.

A nan zan ɗan tsaya don Allah, domin akwatin farkon nan ya halaka mutane. Mutum ba shi da takarda, wani abokinsa ya ce masa kawai ka danna ɗan ƙasa ba wanda zai tambaye ka komai, ya danna ya sa hannu. Shekaru su wuce, Allah ya kawo aure ko wata hanya ta samun girin kad, sai a zaro wannan fom ɗin. Yin ƙaryar cewa kai ɗan ƙasa ne don samun aiki yana cikin laifukan da suke rufe wa mutum ƙofar zama a Amurka har abada, kuma kusan babu afuwa a kansa, ya fi wuce wa'adin biza muni nesa ba kusa ba. Kai mai sana'a kar ka taɓa gaya wa mutum akwatin da zai zaɓa, ballantana ka cike masa ka ce ya sa hannu kawai.

In ba ya jin Turanci, an yarda wani ya fassara masa ko ya taimaka masa wajen rubutu, kai ma za ka iya, amma duk wanda ya taimaka sai ya cike ƙarin shafin da ake kira Supplement A ya sa sunansa da hannunsa. Lambar soshiyal kuma, wato Social Security number da gwamnati take ba mutum don aiki da haraji, ba dole ba ce a wannan sashen sai in kamfaninka yana amfani da E-Verify.

Ka duba ranar haihuwa da kyau kafin ka karɓi takardar. Mu mun saba rana, wata, shekara, su kuma wata suke fara sawa. Wanda aka haifa 4 ga Satumba in ya rubuta 04/09 to a wurinsu 9 ga Afrilu ya rubuta, ƙaramin abu ne amma shi kaɗai ya isa kwamfuta ta ce ba ta san mutumin ba.

Sashe na biyu naka ne, kuma agogo na tafiya

Kwana uku na aiki gare ka daga ranar da ya fara. In ya fara Litinin to zuwa Alhamis ka gama. In aikin gaba ɗaya bai kai kwana uku ba, a ranar farko za ka gama komai.

Takardun da aka yarda da su an kasa su gida uku, jerin yana manne da fom ɗin, ka miƙa wa ma'aikacin ya duba da kansa. Jerin A takarda ce guda ɗaya da take nuna ko shi waye kuma take nuna yana da izinin aiki, kamar fasfon Amurka, girin kad, ko katin izinin aiki mai hoto wanda ake ce wa EAD. Jerin B shaida ce kawai ta ko shi waye, kamar lasin tuƙi ko katin shaida na jiha. Jerin C na izinin aiki ne kawai, kamar katin soshiyal ko takardar haihuwa ta Amurka. Ko dai ya kawo ɗaya daga A, ko ya haɗa ɗaya daga B da ɗaya daga C.

Shi ke zaɓa, ba kai ba. Wannan ka riƙe shi da kyau. Mutum ya danna akwatin mai girin kad amma ya miƙo maka lasin tuƙi da katin soshiyal, to ya cika sharaɗi, ba ka da ikon cewa ina girin kad ɗin. Neman takarda fiye da wadda doka ta ce, ko ƙin karɓar takarda mai kyau saboda kamannin mutum ko sunansa, laifi ne mai zaman kansa, akwai wani ofis a Ma'aikatar Shari'a da ake kira IER wanda aikinsa ke nan, ma'aikaci yana da kwana 180 ya kai ƙara, kuma kamfanoni manya da ƙanana sun sha biyan kuɗi a kan wannan.

Sai ka karɓi takardar a hannunka, ta asali, ba hoto a waya ba, ba fotokwafi ba, in ban da takardar haihuwa wadda aka yarda da kwafin da hukuma ta buga wa hatimi. Ka duba gaba ka juya baya. Hoton ya yi kama da wanda ke tsaye gabanka? Sunan ya yi daidai da na sashe na ɗaya? Wa'adinta bai ƙare ba? Ma'aunin da doka ta sa shi ne takardar ta yi kama da ta gaskiya a idon mai hankali kuma ta dace da mai ita. Ba a ce ka zama ƙwararren gano jabu ba, in aka yi maka jabu mai kyau ka karɓa da zuciya ɗaya ka cike fom daidai, doka ta ba ka kariya. Amma in hoton na dattijo ne mai furfura ga kuma matashi ɗan shekara ashirin a gabanka ka kau da kai, ba wanda zai saurari cewa ba ka sani ba.

Katin soshiyal yana da wani tarko. Wasu katunan an buga musu rubutu a sama, wani ya ce ba a aiki da shi, wani ya ce yana aiki ne kawai tare da izinin DHS, wato ma'aikatar tsaron cikin gida, ko INS, tsohuwar hukumar shige da fice. Duk katin da ke da irin wannan rubutun ba ya shiga jerin C, sai ka ce wa mai shi ya zaɓi wata takardar daga cikin jerin. Sannan lambar biyan haraji ta ITIN ba izinin aiki ba ce, mutane da yawa suna ruɗewa a nan saboda ita ma lamba tara ce, hukumar haraji ce take ba da ita don mutum ya biya haraji kawai. Haka bizar ziyara, ko ta shekara nawa ce ba a aiki da ita. Wanda kuma ya shigar da takardar neman mafaka, shigarwar kaɗai ba ta ba shi izini ba sai katin EAD ya fito.

In takardarsa ta ɓace ko an sace ko ta lalace, zai iya nuna rasit ɗin neman sabuwa, wannan yana ɗaukarsa kwana 90 kafin ya kawo ainihin takardar.

Daga nan ka rubuta sunan takardar, hukumar da ta bayar, lambarta, ranar ƙarewa, ka sa ranar da ya fara aiki, ka sa hannu. Wanda ya ga takardun da idonsa shi zai sa hannun, ba wai manaja ya gani Alhaji ya sa hannu daga gida ba. In ma'aikacin yana wani gari za ka iya wakilta wani ya duba maka, amma kuskurensa a wuyanka yake. Tun Agustan 2023 an yarda a duba ta bidiyo kai tsaye, sai dai masu E-Verify kaɗai aka ba wannan damar.

Ajiya

Ba inda za ka aika fom ɗin, a wurinka zai zauna. Ka samu fayil ɗaya ka tara duk I-9 a ciki daban da sauran takardun ma'aikata, saboda ranar da aka zo dubawa ka miƙa abin da aka tambaya kaɗai. Muddin mutum yana aiki fom ɗinsa yana nan. In ya bar aiki sai ka yi lissafi biyu, shekara 3 daga ranar da aka ɗauke shi, da shekara 1 daga ranar da ya tafi, wanda ya fi nisa shi za ka bi. Misali ka ɗauke shi Maris 2023 ya tafi Yuni 2023, to sai Maris 2026 za ka iya yaga takardar. In kuma ya yi shekara biyar ya tafi Yuni 2025, sai Yuni 2026.

Ɗaukar kwafin takardun mutane ba dole ba ne ga wanda ba ya E-Verify, amma in za ka yi ka yi wa kowa, kar ya zama na baƙi kaɗai kake kwafa.

In ka gano kuskure daga baya, ja layi ɗaya a kai, rubuta daidai a gefe, sa haruffan farko na sunanka da ranar yau. Ban da farin fentin goge rubutu. Kuskuren sashe na ɗaya ma'aikacin ne zai gyara. In kuma kana karanta wannan ka tuna kana da mutum biyar da ba ka taɓa cike musu ba, ku zauna ku cike yau, ku sa ranar yau, ka haɗa da ɗan bayanin dalilin jinkirin. Kar ka kuskura ka mayar da kwanan wata baya, makara laifin takarda ne, ƙaryar kwanan wata kuma zamba ce.

Ranar da izini zai ƙare

Wanda ya kawo EAD ka sa ranar ƙarewar a kalandar wayarka, ka tuna masa tun saura wata uku ko fiye. Kafin ranar ta wuce sai ya nuna maka sabuwar takarda daga jerin A ko C, ka cike Supplement B. Da can in mutum ya nemi sabuntawa a kan lokaci ana ƙara masa wa'adi kai tsaye har zuwa kwana 540, amma gwamnati ta soke wannan ga mafi yawan masu shigar da neman sabuntawa daga 30 ga Oktoba 2025, don haka jinkirin neman sabon kati yanzu zaman gida yake jawowa. Ɗan ƙasa ba a sake duba shi, wanda ya nuna girin kad shi ma ba a sake duba shi ko da ranar da ke jikin katin ta wuce, domin katin ne ya tsufa ba izinin zaman ba. Lasin tuƙi ma in ya ƙare ba ruwanka.

To E-Verify fa?

Shafi ne na intanet da USCIS take gudanarwa tare da hukumar soshiyal, kana shigar da bayanan da ke kan I-9 sai ya gwada su da rumbun gwamnati. An fara shi a matsayin gwaji a 1997 bayan dokar 1996, aka sa masa wannan sunan a 2007. Kyauta ne. A matakin tarayya ba dole ba ne sai ga wasu masu kwangilar gwamnati, an sha kai ƙudurin mai da shi dole a duk ƙasar, har majalisar dattawa ta amince da wani babban ƙuduri mai ɗauke da hakan a 2013 da ƙuri'a 68 da 32, amma ya mutu a majalisar wakilai. Manoma da masu gine-gine suna cikin masu adawa da shi.

Jihohi ne suka yi gaban kansu, don haka mataki na farko ka san dokar jiharka. Arizona ta wajabta wa kowa tun farkon 2008 kuma Kotun Ƙoli ta goyi bayanta a 2011. Alabama, Misisipi da Karolina ta Kudu su ma kowa da kowa ne. Jojiya in ma'aikatanka sun haura 10, Karolina ta Arewa daga 25, wannan ya shafi 'yan uwanmu na Nijar da suka yi yawa a Greensboro, Fulorida ma daga 25 tun Yulin 2023, Tenesi daga 35. A Niyok ba a tilasta wa masu sana'a ba. Alƙaluman nan majalisun jihohi suna taɓa su, ka leƙa shafin ma'aikatar ƙwadago ta jiharka kafin ka yanke.

Rajista ba wuya, kana buƙatar lambar harajin kamfaninka ta EIN, ka sa hannu a yarjejeniya, ka yi ɗan darasinsu ka ci jarrabawar da ke ƙarshe, sannan ka manna fastocinsu biyu inda masu neman aiki za su gani, da Turanci da Sifaniyanci. Amma ka sani da zarar ka shiga to duk sabon ma'aikaci sai ka shigar da shi, har ɗan ƙasa, ba zaɓe. Tsofaffin ma'aikatanka kuma ba a shigar da su, haka wanda ba ka riga ka ɗauka ba. Wa'adin shi ma kwana uku ne na aiki daga fara aikin, lambar soshiyal ta zama dole, takardar jerin B sai mai hoto, kuma in fasfon Amurka ko girin kad ko EAD aka kawo sai ka ajiye kwafi domin shafin zai nuno maka hoto ka gwada shi da wanda ke jikin katin.

Yawanci cikin daƙiƙoƙi zai ce an tabbatar, ka rubuta lambar shigarwar a kan I-9 ka rufe. Inda ake samun matsala shi ne in ya ce bayanai ba su dace ba.

In aka ce bai dace ba

Wannan ba ya nufin mutumin ba shi da izini, kuma a nan ne sunayenmu suke ba da wahala sosai. Fasfon Nijar ya ce Mahamadou, katin soshiyal ya ce Mohamed. Abdourahamane a wata takarda, Abdul Rahman a rabe a wata. Wani sunan mahaifinsa ne ya koma sunan farko, wani sunan garinsu aka ɗauka a matsayin sunan dangi, wani kuma da ya zo da suna ɗaya sai aka buga masa FNU, wato ba a san sunan farko ba, a gurbin sunan farko ya zama kamar shi ne sunansa. Mace ta yi aure ta canza suna ba ta je ofishin soshiyal ba. Wanda ya zama ɗan ƙasa kwanan nan bai je an sabunta bayanansa ba. Wani lokacin ma kai ne yatsanka ya zame wajen buga lamba, shi ya sa abu na farko ka sake gwada abin da ka shigar da abin da ke kan takarda harafi bayan harafi, ka rubuta sunan yadda yake a takardar ko da ka san ba haka ake faɗarsa a gida ba.

In komai daidai ne, sai ka fitar da takardar sanarwar da shafin zai ba ka, ka kira ma'aikacin gefe ku biyu, ba a gaban kwastomomi ko abokan aiki ba, ka ba shi ya karanta ko a fassara masa. Cikin kwana 10 na aikin gwamnati daga fitowar sakamakon zai gaya maka ko zai bi kadin maganar. In ya ce zai bi, ka danna turawa, ka ba shi takarda ta biyu mai ɗauke da wa'adi, yana da kwana 8 na aikin gwamnati ya kira DHS ko ya je ofishin soshiyal, ya danganta da inda matsalar take.

Duk tsawon wannan lokacin ba ka da ikon korarsa, ko rage masa awanni, ko riƙe albashinsa, ko cewa ya zauna gida sai an gama. Aiki yake ci gaba da yi kamar kowa. Sai in sakamakon ƙarshe ya fito cewa ba a tabbatar ba, ko shi da kansa ya ce ba zai bi ba, sannan za ka iya sallamarsa. In ka ce za ka ci gaba da riƙe shi bayan nan sai ka sanar da DHS, kuma ka sani za a ɗauka da saninka kake aiki da marar izini sai in ka iya kawo hujja.

Ga masu neman aiki, akwai wani ɓangare na shafin da ake kira Self Check, kyauta, mutum zai iya gwada kansa tun kafin ya je neman aiki, in akwai rikicin suna ya gyara a natse. Amma kai mai kamfani ba ka da ikon tilasta wa kowa ya yi shi ya kawo maka.

Ni dai a ganina E-Verify yana da amfani ga mai sana'a domin yana ƙara masa hujja, amma kar a ɗauke shi tamkar laya. Kamar mai gadin ƙofar biki ne da yake duba katin gayyata ba ya duba fuska, in mutum ya zo da suna da lambar wani mai izini na gaskiya sai ya wuce. Wani bincike da kamfanin Westat ya yi wa gwamnati a 2009 ya ƙiyasta cewa wajen kashi 54 cikin ɗari na marasa izinin da aka shigar sun tsallake. Kamfanin nama na Swift yana cikin shirin lokacin da aka kai samame masana'antunsa a Disambar 2006 aka kama mutum wajen 1,300. Wannan ya kawo mu ga al'adar aron takarda, wato wani ya yi aiki da sunan ɗan'uwansa a riƙa raba kuɗin. A idon doka amfani da shaidar wani ne, mai aron da mai bayarwar duk suna iya shiga uku, kai kuma da ka san sunansa na gaskiya kana kiransa da shi a shago alhali wani suna ne a takardar albashi, ba ka da bakin cewa an yaudare ka.

Haka dabarar cewa ai ba ma'aikacina ba ne ɗan kwangila ne ina ba shi fom 1099 na harajin 'yan kwangila. Gaskiya ne ba a cike wa ɗan kwangila na ainihi I-9, amma in kai ke sa masa lokacin zuwa da tashi, da kayan aikinka yake yi, to ma'aikaci ne ko me ka kira shi, kuma dokar ta ce ko ta hanyar kwangila ka yi amfani da wanda ka san ba shi da izini laifin ɗaya ne.

Ranar da aka zo dubawa

Galibi ba da jiniya ake zuwa ba, takarda ce jami'an ICE, hukumar da ke tilasta bin dokokin shige da fice, za su miƙa maka, daga nan kana da kwana uku na aiki ka kawo fom ɗinka, sau da yawa har da takardun albashi da jerin ma'aikata. Kar ka ce a'a ku ɗauka yanzu ma don nuna ba ka da abin ɓoyewa, karɓi kwana ukunka ka kira lauyan da ya san harkar shige da fice, ka ɗauki kwafin duk abin da za ka miƙa. Ƙananan kurakurai ana ba da kwana 10 na aiki a gyara, manya kamar rashin fom ɗin gaba ɗaya ko rashin sa hannu ba a gyara su, tara ce. A ƙididdigar 2025 tarar takarda tana kamawa daga dala 288 zuwa 2,861 a kan kowane fom ɗaya, ko da duk ma'aikatanka 'yan ƙasa ne. Ɗaukar marar izini da sani kuma daga dala 716 zuwa 5,724 a kan kowane mutum a karon farko, in aka maimaita tana iya kaiwa 28,619, in ya zama ɗabi'a har ɗaurin wata shida yana ciki.

In kuma da kansu suka shigo, inda kowane kwastoma yake shiga su ma za su iya shiga, amma kicin, sito da ofis na baya sai da izininka ko da sammacin da alƙali ya sa wa hannu. Ka nemi a nuna maka takardar ka duba wa ya sa hannu, domin akwai wadda jami'in hukumar ne kawai ya sa mata hannu, ita ba ta ba su ikon shiga ciki ba. Ka gaya wa wanda yake tsayawa a kantar shagonka tun yanzu wa zai kira, kar kowa ya gudu, kar a ɓoye kowa, kar a yi musu ƙarya.

In ta kai dole ka sallami mutum saboda takarda, ka lissafa duk awannin da ya yi har da kuɗin ƙarin lokaci ka biya shi cif. Dokar albashi ta tarayya ba ta tambayar ko ma'aikaci yana da takarda a kan aikin da ya riga ya yi, kuma yi masa barazanar kiran jami'an shige da fice don ya haƙura da kuɗinsa wani laifin ne daban da za a iya kai ka ƙara a kansa.